Hapis, Ƙarambau da Danginsu: Tambayoyin da Mutanen Jos Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan maimaituwa a bakin mutane a nan Jos. Wasu a fili ake yin su, wasu kuwa sai an ja ma'aikacin lafiya gefe an rage murya. An tattara su ne domin mai karatu ya gane abin da ke damunsa, ya kuma san lokacin da zama a gida ya zama ganganci.

Wai mece ce hapis ɗin nan? Cuta ɗaya ce?

Mutane da yawa da sun ga an rubuta musu herpes a takardar gwaji sai gabansu ya faɗi, domin hankalinsu ya tafi ga cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Waccan ɗaya ce kawai a cikin dangi. Hapis sunan gida ne na wasu ƙwayoyin bairas guda 8 da ke kama ɗan Adam. Ta farko da ta biyu, HSV-1 da HSV-2, su ke kawo ƙuraje masu ruwa a leɓe da al'aura. Ta uku ita ce mai kawo ƙarambau, kuma ita ce dai ke dawowa bayan shekaru ta feso ƙuraje masu raɗaɗi a rabin jiki, abin da likitoci ke kira zosta. Ta huɗu ana kiranta EBV, mai bin yawu, ta biyar kuma CMV, wadda ke iya cutar da ɗan tayi. Ta shida da ta bakwai zazzaɓi suke sa wa ƙananan yara. Ta takwas kuwa ita ce silar wata kansar fata mai suna Kaposi.

Idan ka tsaya a Terminus ko Katako ka dubi masu kai da kawowa, da wuya ka nuna baligi ɗaya da ba ya ɗauke da biyu ko uku daga cikinsu. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da HSV-1, wato kimanin kashi 64 cikin 100. Masu HSV-2 tsakanin shekara 15 da 49 sun kai miliyan 520, Afirka ce ta fi kowace nahiya yawansu, kuma mata sun fi maza. Akasarinsu ba su ma san suna da ita ba.

Me ya sa ake cewa ba a rabuwa da ita?

Saboda ɓuya take yi. Bayan kamuwar farko garkuwar jiki kan ci ƙarfinta a fata, ƙurajen su bushe, amma wasu ƙwayoyin sun riga sun bi jijiya sun shige ciki. HSV-1 takan kwanta a wani kullin jijiyoyi da ke can cikin kai kusa da kunne, HSV-2 a ƙasan ƙashin baya wajen ƙugu, ta ƙarambau kuma a kullin jijiyoyin da ke jere gefen laka. EBV da CMV a cikin ƙwayoyin jini suke maƙalewa. A can suke zama shiru kamar garwashi cikin toka, ba su ci ba su mutu ba. Ranar da jiki ya yi rauni, ko ta zazzaɓi, ko gajiya da rashin barci, ko damuwa, ko lokacin al'ada ga mata, sai su biyo jijiyar su sake fitowa, kusan kullum a wuri ɗaya. Magungunan da ake da su suna kama ƙwayar ne lokacin da ta farka tana hayayyafa. Wadda ke kwance ba sa taɓa ta.

Duk sanda na yi zazzaɓi sai ƙuraje su fito min a leɓe. An ce maleriya ce ke fita. Haka ne?

Maleriya ba ta fita ta baki. Zazzaɓin ne ya tashi HSV-1 da ke kwance, wadda mai yiwuwa tun kana yaro ka ɗauke ta daga sumbar wani babba ko cokalin da aka ɗanɗana aka ba ka. Kowane irin zazzaɓi yana iya yin haka, har mura. Don haka fitowar ƙurajen ba hujja ba ce ta sake sayen maganin maleriya, kuma ba alama ba ce cewa maleriyar ta warke.

Mu a Jos muna da ƙarin dalili. Garin yana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, hasken rana ya fi cizo duk da sanyin da ake ji, sannan daga Disamba zuwa Janairu hunturu na tsattsage leɓe. Rana da tsagewar leɓe duka suna tayar da ita. Mai yawan fama da wannan ya riƙa shafa man kaɗe ko basilin a leɓe, ya sa hula mai baki idan zai daɗe a rana.

Kafin su fito, mutum kan ji wurin yana tsikari ko zafi-zafi na yini guda. Sai ƙananan ƙuraje su taru wuri ɗaya, su fashe, su yi ɓawo, cikin kwana 7 zuwa 10 su tafi ba tabo. Kada a ɓantare ɓawon, kada a goga gishiri ko man goge baki, kuma a wanke hannu bayan an taɓa, musamman kafin a kai hannu ido.

Ƙuraje masu zafi suna fito min a gaba, su warke su dawo. Sanyi ne? A masai na ɗauka?

'Yar'uwa, kusan duk abin da ya sami mace a gabanta sanyi ake ce masa, shi ya sa ake shan maganin da ba na ciwon ba. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri daban, fitar ruwa mai wari daban, tunjere daban. Gyambon tunjere yawanci guda ɗaya ne, mai tauri, kuma ba ya zafi. Na hapis ƙanana ne a tare, da ruwa a ciki, idan sun fashe su bar ɗan miki mai raɗaɗi, fitsari ya taɓa wurin kamar an zuba barkono.

Kamuwar farko ita ta fi wahala. Takan bayyana kwana 2 zuwa 12 bayan saduwa, da zazzaɓi, ciwon jiki da kaluluwa a matsematsi, ta ɗauki mako biyu zuwa huɗu. Wasu matan har fitsari kan gagare su saboda zafi, wannan kuwa na zuwa asibiti ne a ranar. Dawowar da take yi daga baya ta fi sauƙi kuma ta fi gajarta, sannan ga yawancin mutane tana raguwa da shekaru.

Batun masai kuwa, ƙwayar ba ta daɗewa a waje, da ta bushe ta mutu. Fata da fata take bi: saduwa ta gaba, ta baki, ko ta dubura. Mai ƙuraje a leɓe yana iya sa wa abokin zamansa HSV-1 a al'aura ta hanyar baki. Buta, bokitin wanka ko zama a kujera ɗaya ba sa yaɗa ta.

Likita ya ce hapis ce. Ke nan mijina ya ci amanata?

Wannan tambayar ta rusa gidaje, kuma sau da yawa a kan kuskure. Fitowar ƙuraje yau ba ta nuna ranar da aka kamu. Mutum yana iya ɗaukar ƙwayar shekara goma ko ashirin da suka wuce bai taɓa ganin ko ƙurji ɗaya ba, ko kuma ya ga ɗan ja-ja ya ɗauka zafin wando ne. Yana iya shigowa da ita daga auren fari, ke ma haka idan kin taɓa aure. A gidan da ake da mata biyu ko uku tana iya zagayawa ba tare da kowa ya leƙa waje ba. Ga kuma hanyar baki da aka ambata a sama, wadda asalinta ƙurajen yarinta ne.

Abin da ya ƙara rikita lissafin shi ne ƙwayar kan fito saman fata jefi-jefi ba tare da wata alama ba, kuma a irin waɗannan ranaku ake yawan ɗaukarta. Wanda ya ba ki ita mai yiwuwa har ga Allah bai san yana da ita ba. Babu gwajin da zai ce wane ne ya fara, ko a wace shekara. Ban ce cin amana ba ya faruwa ba. Na ce dai wannan takardar ba ta isa shaida ba, kuma gara ku je wurin likitan tare a yi muku bayani a zaune, maimakon a kai maganar gaban iyaye da zafinta.

Wane gwaji ne ke tabbatar da ita?

Mafi inganci shi ne a goge ruwan ƙurjin da auduga tun yana ɗanye a yi masa gwajin PCR, wanda ke faɗin ko HSV-1 ce ko HSV-2. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, kuma yana da tsada. Shi ya sa likitan da ya ƙware kan gane ta da ido, in dai an zo ƙurajen na nan. Idan sun fito ranar da ba za ka iya zuwa ba, ɗauki hotonsu a waya ka nuna masa.

Gwajin jini ne ke kawo rigima. Sai ka ga matashiya ta zaro takarda a ninke daga jaka, hannunta na rawa, an rubuta IgM ya nuna akwai, ba ta da ƙurji ko ɗaya, ta yi mako ba ta barci. Gwajin IgM na hapis ba abin dogaro ba ne: ba ya bambanta ta ɗaya da ta biyu, ba ya nuna sabuwar kamuwa ce ko tsohuwa, kuma yakan nuna akwai alhali babu. Gwajin IgG mai rarrabe nau'i ya fi shi, amma shi ma yana iya ɗaukar har mako 12 bayan kamuwa kafin ya nuna. Idan kuma ya nuna HSV-1, abin da ya faɗa kawai shi ne kana cikin mafi yawan mutanen duniya, bai ce a leɓe take ko a ƙasa ba. A ganina, wanda ba shi da wata alama kuma likita bai tura shi ba, ya adana kuɗinsa.

Akwai magani? Na ga masu tallar maganin da ke kashe ta cikin kwana bakwai.

Akwai magani mai rage ta, babu mai fitar da ita daga jiki. Sunansa a jikin kwali acyclovir, da 'yan'uwansa valacyclovir da famciclovir. Acyclovir ya shigo hannun likitoci a farkon shekarun 1980, kuma Gertrude Elion, wadda aikinta ya kai ga samar da shi, ta sami kyautar Nobel a 1988. Yana gajarta kwanakin ciwo, ya rage zafi, musamman idan an fara shi da jin tsikarin farko. Wanda take yawan damu, kamar sau shida ko fiye a shekara, likita na iya ɗora shi a kan ƙwaya kullum, wanda ke rage dawowarta sosai ya kuma rage yiwuwar sa wa iyali. Ana shan sa da ruwa mai yawa, mai ciwon ƙoda kuma dole ya faɗa domin a rage masa adadi. A duba lambar NAFDAC a kwali. Wani lokaci ana rubuta shi har sau biyar a yini, to idan ya faɗo cikin azumi a gaya wa likita, akwai wanda ake sha sau biyu ko uku, ga kuma rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya.

Masu talla a Facebook da TikTok da masu lasifika a bayan mota sun san abu ɗaya da mai saye bai sani ba: ƙurajen da kansu suke warkewa cikin mako guda ko kwana goma. Ka sha jiƙo, su bushe, ka yi godiya. Bayan wata huɗu su dawo, a ce maka ba ka gama shan kwalba ta uku ba.

Abu biyu na kyamis da ya kamata a guje wa: antibayotik, wanda bakteriya yake kashewa ba bairas ba, da man shafawa mai haɗe-haɗe da ke ɗauke da sinadarin siteroyid, irin wanda wasu ke amfani da shi don hasken fata. Wannan na biyun yana danne garkuwar wurin, ƙurajen su bazu.

Mai hapis zai iya aure? Zai haihu?

Ƙwarai kuwa. Ba ta hana haihuwa, ba ta rage ƙarfin namiji. Gwaje-gwajen da masallatai da coci-coci suka saba nema kafin ɗaurin aure sun fi karkata ga HIV, ciwon hanta da rukunin jini na sikila, hapis ba ta cika shiga ciki ba. Wanda ya san yana da ita ya faɗa wa wanda zai aura tun kafin a yi nisa. Bayan aure a ƙaurace wa juna daga jin tsikari har wurin ya warke sarai. Kwaroron roba yana rage haɗarin, amma bai rufe duk fatar da ƙwayar ke fitowa ba.

Ina da ciki. Za ta taɓa jaririna?

Idan kin daɗe da ita kafin cikin, haɗarin kaɗan ne ƙwarai, domin jikinki ya riga ya haɗa kariya kuma yana miƙa wa jaririn ta mahaifa. Babban haɗari yana kan wadda ta kamu karon farko a watannin ƙarshe. Saboda haka maigidan da ke da ita, matarsa kuma ba ta da ita, shi ne ya fi kowa bukatar yin haƙuri a wannan lokaci.

Ki faɗa a wurin awo ko da ba a tambaye ki ba. Akan ba da acyclovir daga mako na 36, kuma idan naƙuda ta zo da ƙuraje a gaba, tiyata ta fi aminci. Shayarwa ba matsala, sai dai idan ƙurjin a kan nono yake.

Hapis ɗin jarirai ba ta da yawa, kimanin 10 cikin haihuwa 100,000 a duniya, amma tana kisa ko ta lalata ƙwaƙwalwa. Kuma ba ta hanyar haihuwa kaɗai take zuwa ba. Ranar suna jariri kan bi hannu talatin, wannan ta sumbace shi, waccan ta tofa masa addu'a a fuska. Duk mai ƙurji a leɓe, ko kakarsa ce, ta yi haƙuri ta yi addu'arta daga nesa. Jaririn da bai kai mako shida ba idan ya yi zazzaɓi, ya ƙi kama nono, ya cika barci, ya yi jijjiga, ko aka ga ƙuraje masu ruwa a jikinsa, a nufi babban asibiti da shi ko da tsakar dare ne.

Gaskiya ne tana da alaƙa da HIV?

Cututtuka ne daban, ɗaya ba ta rikiɗa ta zama ɗayar. Sai dai mai HSV-2 ya fi saurin ɗaukar HIV kusan ninki uku idan ya sadu da mai ita, saboda mikin ƙofa ne. Shi kuma mai HIV da ba ya shan magani, hapis ɗinsa kan yi faɗi ta daɗe. Mikin da ya wuce wata guda bai warke ba yana bukatar gwajin HIV.

Yarona ya yi ƙarambau. Me zan yi masa, kuma yaya zan bambanta ta da ƙyanda?

Ƙarambau ta iska take bi, da kuma ruwan ƙurajen. Tana bayyana kwana 10 zuwa 21 bayan haɗuwa da mai ita, kuma yaro yana fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurajen su fito, har sai duk sun yi ɓawo. Shi ya sa idan ta shiga makarantar kwana ko tsangaya sai ta zagaye ɗaki.

Alamarta ita ce ƙurajen ba sa tafiya tare. A bayan yaro ɗaya za ki ga jan ɗigo, ga mai ruwa kamar raɓa, ga wanda ya riga ya bushe, kuma sun fi yawa a ƙirji da baya da fuska. Ƙyanda ba ta da ruwa, tana zuwa da tari, majina da jan ido, ta faro daga bayan kunne ta gangaro. Ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Najeriya a 2017, ƙurajenta sun fi tauri da zurfi, sukan girma tare, su fito har tafin hannu da na ƙafa, da kaluluwa. Ita da ƙyanda duka ba dangin hapis ba ne, kuma duka na kai wa asibiti ne.

A gida, ki yanke masa farce, ki yi masa wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ki tsane jikin da tawul ba gogawa, ki shafa kalamin, ki sa masa riga marar nauyi. Maganar cewa ba a yi wa mai ƙarambau wanka ba ta da tushe, dauɗa ce ma ke sa ƙurajen su yi mugunya. Kada a shafa toka ko ƙasa. Don zazzaɓi a ba shi farasitamol kawai. Asfirin yana iya jawo wa yaro mummunar lalurar hanta da ƙwaƙwalwa, ibufurofen kuma yana ƙara haɗarin ruɓewar fata.

Manya sun fi shan wuya, kuma a ƙasashe masu zafi irin namu da yawa sukan girma ba su yi ta ba. Tana iya sauka a huhu. Baligi, mai ciki, jariri, da mai raunin garkuwa su ga likita a ranar farko. Mai cikin da ba ta taɓa yi ba, idan ta zauna da mai ita, kada ta jira ƙuraje.

Baba ya sami ƙuraje masu zafi a gefe ɗaya na haƙarƙari. An ce sammu ne, kuma idan suka zagaye suka haɗe mutuwa zai yi.

Allah ya ba Baba lafiya. Wannan zosta ce, ƙarambau ɗin da ya yi tun yana yaro ce ta farka. Jijiya ɗaya take bi, kowace jijiya kuma rabin jiki take kula da shi, shi ya sa ƙurajen ke tsayawa cak a tsakiyar ƙirji da tsakiyar baya kamar an ja layi. Wannan tsayuwar ce ke sa mutane zargin hannu a ciki. Ba sa haɗewa, kuma ba a auna rai da su.

Zafin kan riga ƙurajen da kwana biyu ko uku, har a yi zaton ciwon zuciya ne ko na ƙoda. Kusan mutum 1 cikin 3 zai yi ta a rayuwarsa, an fi ganinta bayan shekara 50. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a fara magani cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Kwanakin da aka ɓata ana shafe-shafe da turare su ne kwanakin da maganin ya fi aiki.

Wahalar da ta fi ƙurajen ita ce zogin da kan biyo baya. Fata ta warke, amma dattijo ya kasa jure ko taɓawar riga, wata da watanni, wani har shekara. Farasitamol ba ya yi masa komai, akwai magungunan zogin jijiya da likita ke rubutawa. Kada a ce raki yake yi.

Idan ta fito a goshi, fatar ido ko kan hanci, a ga likitan ido a ranar, domin tana makantarwa. Idan a kunne ne da karkacewar baki, haka nan. Jikoki ba za su ɗauki zosta daga Baba ba, amma wanda bai taɓa ƙarambau ba zai iya ɗaukar ƙarambau daga ruwan ƙurajen, don haka a rufe wurin da tufa mai tsabta. Matashin da ya yi zosta, ko wanda ta fito wa a wuri fiye da ɗaya, ya yi gwajin HIV da na suga.

Akwai allurar rigakafi?

Ta ƙarambau akwai. Michiaki Takahashi ne ya samar da ita a Japan a 1974, Amurka ta fara amfani da ita a 1995. Ba ta cikin jerin alluran da gwamnati ke yi wa yara kyauta a Najeriya, sai a wasu asibitocin kuɗi. Ta zosta ma akwai, domin 'yan shekara 50 zuwa sama. HSV-1 da HSV-2 har yanzu ba su da rigakafi. Allurar HPV da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023 ta kansar bakin mahaifa ce, wata ƙwaya ce daban, baƙaƙen ne kawai suka yi kama.

Da gaske wasu daga cikinsu suna kawo kansa?

Biyu daga ciki, kuma ga mutane kaɗan. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manya suna ɗauke da EBV, wadda ke bin yawu. A nan yawanci tun ana rarrafe ake ɗaukarta ba a sani ba. Wanda ta kama yana saurayi kan yi ciwon maƙogwaro, kumburin wuya da kasala ta makonni, saifarsa ta kumbura, don haka ya ajiye ƙwallo da dambe na kusan wata guda.

Labarinta daga Afirka ya faro. A 1958 wani likitan tiyata ɗan Ailan, Denis Burkitt, da ke aiki a Kampala ta Yuganda, ya bayyana wata kansa da ke kumbura muƙamuƙin yara, ya kuma lura ta fi yawa a yankunan da maleriya ta yi katutu. A cikin samfurin wannan ƙari ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar a Landan a 1964, ita ce bairas ta farko da aka danganta da kansar ɗan Adam. Maleriya mai maimaituwa da EBV ne ke haɗuwa su buɗe mata hanya. Tana girma da saurin ban tsoro, cikin makonni fuskar yaro ta sauya, haƙoransa su yi girgiɗi, ko cikinsa ya kumbura. Iyaye kan ɗauka hangum ne ko ciwon haƙori. Tana kuma cikin kansar da ta fi jin magani idan an zo da wuri, saboda haka kumburin muƙamuƙin da ke ƙaruwa kullum na asibitin koyarwa ne, irin JUTH da ke Lamingo ko Jankwano.

Ta biyun ita ce ta takwas, wadda Yuan Chang da Patrick Moore suka gano a 1994. Tana kawo Kaposi: tabo-tabo masu duhu ko kullutu a ƙafa, a dasashi ko a ganɗa, wani lokaci da kumburin ƙafa. An fi ganinta ga mai HIV da garkuwarsa ta faɗi, kuma komawa kan maganin HIV shi ne matakin farko na maganinta.

CMV da sauran fa?

Mai lafiya ba ya ma sanin CMV ta shige shi. Damuwarta biyu ce: ɗan tayi, wanda take iya bari da kurumta, da mai raunin garkuwa sosai, wanda take iya cinye masa ganin ido. Tana yawa a yawu da fitsarin ƙananan yara, don haka mai ciki ta riƙa wanke hannu da sabulu bayan ta yi wa yaro tsarki, kuma ta daina cinye ragowar abincin bakinsa.

Ta shida ita ce ke sa wa ɗan wata 6 zuwa shekara 2 zazzaɓi mai zafi na kwana uku zuwa biyar, zazzaɓin na sauka sai jan ƙuraje su feso. Takan wuce da kanta, sai dai zafin na iya sa jijjiga, kuma a garinmu ba a yanke hukunci a kan zazzaɓin yaro sai an gwada maleriya.

Hapis ta taɓa shiga ido ko ƙwaƙwalwa?

Tana shiga. Ido ɗaya ya yi ja, yana zafi, yana hawaye, ba ya son haske, gani ya dushe: wannan ba na ɗigon kyamis ba ne. Maganin ɗigo mai siteroyid a kan hapis ɗin ido yana iya huda baƙin idon, balle a zo ga masu ɗiga ruwan batir ko nono. A ƙwaƙwalwa kuwa, alamunta zazzaɓi ne da ciwon kai, ruɗewa, sambatu, sauyin hali ko farfaɗiya, abin da cikin sauƙi ake kai wa wurin ruƙiyya ko addu'a a ce iska ce. Idan ba a yi magani ba, kusan 7 cikin 10 ba sa tashi. Maganin acyclovir ne ta jijiya a gadon asibiti, kuma kowace awa tana da muhimmanci. A yi addu'ar a hanya.

A yatsa ma tana fitowa, musamman ga yaro mai tsotson hannu da ma'aikatan jinya. Ta yi kama da karkare, amma ba a tsaga ta.

Ina kiwon kaji a Bukuru, an ce cutar da ke shanye musu ƙafa hapis ce. Zan iya ɗauka?

Cutar Marek kake nufi, kuma lalle 'yar wannan dangin ce, amma ta kaji ce da wasu tsuntsaye. Ba ta kama mutum, ko ta taɓawa ko ta cin ƙwai. Tana bin ƙurar gashinsu ta daɗe a cikin ɗakin kiwo, za ka ga kaza ta baje, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Ba ta da magani, rigakafinta kuma tun ranar ƙyanƙyasa ake yi, don haka ka tambayi mai sayar maka da 'yan tsaki ko an yi musu, ka kuma raba ƙanana da manya. Idan suna mutuwa ba ka gane dalili ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana kusa da kai, ka kai musu wadda ba ta daɗe da mutuwa ba su duba.